Wurin da Muka Bari a Tabarma

Belbeji, daren Laraba, kakar 1984

Barci ya ƙi zuwa. Na daɗe ina koyar da ilimin zaman jama'a a jami'a, ina yawon sasanta manoma da makiyaya, amma na yau ba ya cikin darasina.

Baba Mahaman na kan gargara. Tun yana saurayi ya kashe wani makiyayi a rikicin rijiya, shi ne ya roƙe ni in nemo masa danginsa. Da la'asar na kawo Juli, ƙanen mamacin. Muka zauna a tabarma, ina ɗiga wa Baba ruwa a baki.

Juli ya ce, "Mahaman, mun yafe maka duniya da lahira."

Baba bai dube shi ba, ƙofa yake kallo. Ya ce, "Na gode. Yayanka fa? Tun safe yake tsaye da sandarsa, ba wanda ya ce masa bismilla."

Na waiwaya, ba kowa. Juli ko waiwayawa bai yi ba. Ya tattare rigarsa, ya gusa, ya bar wuri tsakaninmu.

Kafin magariba Baba ya cika.

Abin da ya hana ni barci shi ne, ni ma na gusa.