Sifikar Hagu Lafiyarta Ƙalau

Zuwa gare ka, sanyin safiyata, raɓar da ta sauka a kan busasshen ganye, inuwar da na tarar da tsakar rana ban nema ba,

Sallama mai yawa a gare ka. Kada ka firgita don ka ga takarda a cikin kwalin sifika. Ni ce yarinyar nan mai shuɗin mayafi da ta raɓe a bayan yayanta a shagon Babanka ranar Asabar da ta wuce. Na sha ganinka a hanyar makaranta da jakarka mai tsinkakken hannu, amma ko kusa ban taɓa yarda idonmu ya haɗu ba. Sau huɗu ina rubuta wasiƙar nan ina yagawa. A littattafan da nake karantawa, budurwa tana ɗaukar alƙalami sai kalmomi su yi ta zubo mata kamar ruwan sama. Ni kuwa da kyar nake haɗa layi ɗaya!

Ka tuna yadda muka cika maka shago da gardama? Yaya ya kafe sai sifika mai ƙaton akwatin nan da ke zama ƙarƙashin tebur yana gurnani, wai in yana buga gem yana son ya ji harbin a ƙirjinsa. Umma kuma ta yi ta kiransa a waya tana jaddadawa a sayo wadda za ta riƙa jin maganar 'yan fim tar, ba ta son hayaniya. Ni ba wanda ya tambaye ni. Dama a gida Shiru-shiru suke ce mini, kuma tun da Anti ta tafi makarantar kwana ta bar mini ɗakin da kwamfutar, sai in wuni ban buɗe baki ba in ba gaisuwa ba. Sai kai, ya kai hasken idona, ka leƙo ta gefen kafaɗar Yaya ka tambayi ƙanwar me take saurare. Wayyo zuciyata! Ka san tsawon lokacin da na yi ba a tambaye ni me nake so ba?

Da kyar na faɗi sunan waƙar, ban ma san ka ji ba. Ka ce ba a zaɓar sifika da girma ko da ƙara, da waƙar da mutum ya haddace ake gwada ta, don kunne ba ya yi wa abin da ya sani ƙarya. Ka jera guda uku a kan kanta, ka sa waƙata a kowace. Ta farko ta yi ta rugugi kamar hadari, ta binne muryar mawaƙiyar. Ta biyu ta yi tsini kamar kukan gyare. A ta ukun ne, ƙananan nan biyu masu jikin katako, na ji numfashin da take ja kafin ta shiga amshi, numfashin da ban taɓa sanin yana nan ba. Na ɗago kai, sai na tarar kai ma ni kake kallo, ka riga ka gane. Yaya ya yi ta ƙunƙuni, amma ita muka ɗauka. Ka naɗe wayoyinta a yatsunka, ka ɗaure da 'yar jar roba da ka ciro daga wuyan hannunka.

Na ajiye su yadda ka koya mana: ɗaya dama, ɗaya hagu, daidai kunne, a ɗan nesa da bango. Nakan zauna a tsakiyarsu bayan an taso makaranta, waƙa ta cika ɗakin kamar ƙamshin ƙasa bayan yayyafi, amma kaɗaicin sai ya ƙaru. Me ya sa abu mai daɗi yake ƙara wa mutum kewa? Wa zan juya in ce wa ya saurari wurin nan?

Yanzu ga laifina, kuma kunya kamar ta kashe ni. Kai ka faɗa cewa ta dama ce mai wuta, ta hagu kuwa siririyar waya ɗaya ce ke haɗa ta da 'yar'uwarta. Ka kuma ce in an ga matsala cikin kwana bakwai a dawo da ita. Ranar Laraba na zare wayar nan na ɓoye a cikin littafina. Na zaci Yaya zai ce in raka shi mu mayar, in sake ganinka ko na minti biyar ne. Ashe na jawo maka! Bai ko duba bayan sifikar ba, ya hau faɗa, wai yaron nan ya haɗa shi da matacciya, gobe shi kaɗai zai je ya same ka a gaban Babanka. Ni da nake son in zame maka sanyi, ni ce zan sa a yi maka tsawa a gaban mutane?

Ga wayar nan na naɗe a cikin takardar. Na ga kai ne kake buɗe kayan da aka dawo da su, shi ya sa na yi ƙarfin hali. Ka haɗa ta a gabansu su ji da kunnensu. In an tambaye ka, ka ce a cikin kwalin ka same ta, ai ba ƙarya ka yi ba. In kuma abin ya ƙi lafawa, ka faɗi gaskiya, zan ɗauki faɗan Yaya.

Abu ɗaya nake roƙo, ya kai ruwan da ƙishina ya sani. Ba sai ka rubuto ba, ni ma ba zan iya karantawa ban suma ba. In ka yafe mini, in kuma ba ka ƙi ni ba, ka ɗaure wayar da irin jar robar nan taka. In ka sako ta a warware, na gane, kuma ko a hanyar makaranta ba zan dame ka da kallo ba.

Ko da roba ko babu, a tsakiyar sifikun nan zan ci gaba da zama, kuma duk lokacin da mawaƙiyar ta ja numfashin nan, kai zan tuna, yau da gobe da bayan na girma.

Taka, wadda ba za ta canza ba,
Shiru-shiru