Na Ce Mata Ta Yi Shiru

Zuwa ga yayata Earline,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Yaya Cleophus da yara. Yaya sanyin Chicago da ciwon gwiwar nan taki? Mu nan Mississippi sai godiya.

Na ga kiranki ban ɗauka ba, ki yafe ni. Abin da ke raina ba zai faɗu ta waya ba. An gaya miki 'yata Keondra ta faɗi bayan haihuwa, amma ba a gaya miki yadda aka yi ba.

Ta haihu lafiya, mace, aka sallame mu. Da muka dawo gida ƙafafunta suka kumbura, kanta yana sarawa, har tana ganin walƙiya a ido. Kin san an rufe ɗakin haihuwa na garinmu, sai da na tuƙa ta zuwa babban asibiti, tafiya mai nisa, jaririya tana ta kuka a baya.

Mun daɗe a zaune. Wata Baturiya ta zo bayanmu da ɗanta, aka shigar da ita. Da nas ta kira mu, ko kallon fuskar Keondra ba ta yi ba. Ta ce, "Gajiyar jego ce. Ku baƙar fata ai akwai ku da juriya, ki je ki sha maganin ciwon kai."

Keondra ta miƙe ta ɗaga murya. "Ki auna jinina! Na san jikina, wallahi ba lafiya ba!" Nas ta waiga wajen mai gadi.

Yaya, ni ce na riƙo hannunta. Na ce, "Ke, rage murya, kada su ce mahaukaciya ce su raba ki da 'yarki." Har godiya na yi wa matar nan, da murmushina, yadda Mama ta koya mana. Na mayar da 'yata mota.

Washegari tana shirya wa jaririya ruwan wanka ta zube. Jininta ne ya hau. Likitan da ya karɓe ta ya tambaye ni me ya sa ba mu zo da wuri ba.

Yanzu tana gida. Hannun dama ya shanye, magana tana fita da ƙyar. Matan coci suna kawo soyayyen kifi da burodin masara, suna cewa Keondra ta yi sa'ar uwa, ni kuwa sai in shige kicin. Da za ta zage ni da na ji sauƙi. Ba ta taɓa ta da zancen ba. Jiya ta ce, "Mama, ɗora min ita." Na kwantar da jaririyar a ƙirjinta, na tallafe ta da hannuna har ta gama shan mama, ina kallon bango.

Makon gobe za mu koma ganin likita. Don Allah ki zo ki raka mu. Tun muna yara ke ce ba a iya rufe wa baki, har Mama tana dukanki a kai. Ni ina tsoron in na shiga ɗakin nan zan sake cewa na gode.

Ki gaishe min da kowa.

Ƙanwarki,
Odessa