Katunan Rumasa'u

Silver Spring, 9 ga Oktoba, 2011

Zuwa ga Hajiya Tayyiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da mutanen gida baki ɗaya. Yaya ciwon ƙafar? Ni dai alhamdu lillahi. An gama gwaje-gwaje, an sa ranar aikin zuciyar a farkon watan gobe. 'Yarmu Likita da mijinta Injiniya ba su rage ni da komai ba.

Na zaɓi takarda a kan waya domin bangon gidan nan ba ya riƙe sirri, kuma jikarki Rumasa'u, ko da yake da Turanci take mayar da amsa, babu kalmar Hausa da ke wuce kunnenta. Maganar kuwa tata ce.

Kowace Asabar bayan la'asar, sa'ad da iyayenta suka fita, ƙawayenta na jami'a sukan zo su baje wani allo a teburin cin abinci. Da fari na ɗauka ludo ne, don akwai ƙwayar da ake jefawa da 'ya'yan da ake turawa gida-gida. Sai na lura da katunan. Ba kartar da muka sani ba ce. Hotuna ne: wani an rataye shi ta ƙafa, wani dogon gini yana ci da wuta mutane na faɗowa. Wadda ta sauka a wani gida sai ta zari kati ta faɗi ma'anarsa. In sauran sun gamsu, ta ƙara gaba. Malamarsu wata Constance ce, 'yar Kumasi, mai Hausar zango.

Na tambayi amaryar tawa, cikin wasan kaka da jika, ko wani mijin take nema a kwali tun ina raye. Ta yi dariya, ta ce sunan katunan tarot, Turawa suna duba da su, amma su wasa kawai suke yi, kamar masu haddace tutocin ƙasashe. Dariyar ta yi saurin ƙarewa. Shekarun da na yi a kotu sun koya mini kula da irin wannan.

Kin san halin Injiniya. In ya ji kalmar duba a gidansa, zai raba ta da ƙawayenta, wataƙila har da makarantar, ita kuma ba za ta sake sakin jiki da ni ba. Ban faɗa masa ba tukuna. Ban saba yanke hukunci kafin jin shaida ba.

Ki gaida yara da maƙwabta. Wassalam.

Naki,
Misbahu

Silver Spring, 23 ga Oktoba, 2011

Hajiya,

Sallama irin ta addinin Musulunci, tare da fatan alheri gare ki da iyali. Sanyi ya fara shigowa, ganyayen bishiyoyi sun yi ja suna zuba. Jikin nawa da sauƙi.

Na ji abin da kika ce a waya, cewa duba duba ne ko da an sa masa rigar wasa, kuma in sanar da uban yarinya ba tare da jinkiri ba. Ban amsa miki ba domin Rumasa'u tana falo. Ga amsar.

Jiya na nemi a ba ni kujera a teburin. Kada ki yi salati tukuna. Na gindaya musu sharaɗi cewa ba za a tambayi kwali komai game da ni ko waninmu ba. Constance ta durƙusa ta gaishe ni, ta rantse cewa a wasan nan ba a tambayar gobe, ma'ana kawai ake koyo. Yarinya ce mai ladabi, amma na sha ganin mai ladabi a gaban shari'a.

Na yi zagaye biyu. Sun ci ni, sun yi ta dariya da na ce mutumin da ke tafiya bakin rami da kare a bayansa ya yi kama da direban da ya kai mu Kano bara. Gaskiya ban ga abin da ya wuce wasa ba, har na fara jin kunyar zargina.

Daga nan Constance ta ce bari ta jera mini manyan katunan bi da bi. Tana cikin jerawa ta tsaya, ta zazzage akwatin, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Ɗaya babu. Ta ce na mutuwa ne, ƙwarangwal a kan doki, ta kuma yi saurin ƙarawa da cewa ba mutuwa yake nufi ba, ƙarshen wani abu ne da farkon wani. Akwatin a ɗakin Rumasa'u yake kwana. Ita kuwa ta miƙe ta shiga kicin dafa shayin da babu wanda ya nema.

Wanda yake wasa ba ya tsoron kwali, Hajiya. Zan jira in same ta ita kaɗai.

A gaida kowa. Allah Ya sada mu da alheri.

Naki,
Misbahu

Silver Spring, 1 ga Nuwamba, 2011

Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Jibi za a kwantar da ni, don haka zan taƙaita.

Ranar Juma'a Rumasa'u ta raka ni masallaci a bas. A hanyar dawowa na tambaye ta katin. Ba ta yi musu ba. Ta ce ranar da uwarta ta gaya mata za a yi mini aiki, ta ɗauki katunan ita kaɗai, ta tambaya a zuciyarta ko zan tashi, ta zaro, shi ya fito. Tun daga ranar ta ɓoye shi a aljihun rigar sanyinta, barci kuma ya ƙaurace mata. Da Hausa ta faɗi ƙarshen maganar, karo na farko tun zuwana: “Kaka, na ji tsoro.”

To, zarginki ya tabbata, ta yi duba. Na gaya mata haka ba tare da sassauci ba, na ce ta yi istigfari, domin gaibu na Allah ne Shi kaɗai. Na sa ta mayar da katin cikin 'yan uwansa, ta kai wa Constance akwatinta. Ko za ta sake zama a teburin a wani gidan, ban sani ba, kuma ba zan ce na daina sa ido ba. Amma ba zan faɗa wa Injiniya ba. Tsoron rasa ni ne ya kai ta, kuma ban ga yadda horonsa zai warkar da wannan ba.

Saura magana ɗaya. Ƙanena Fatihu ya kira ni jiya yana yaba miki, wai kin fitar da sadaka saboda aikin: farin zakara, farin goro da farin ƙyalle, ranar Alhamis kafin rana ta fito. Hajiya, mun tsufa tare. Sadakar da mutum ya yi niyya da kansa ba ya zaɓa mata launi da rana. Wani ne ya buga ƙasa ya ce a yi haka.

Ban tambaye ki wane malami ba ne, kuma ina roƙonki kada ki gaya mini abin da ya gani. Istigfarin da na umarci jikarki da shi, ke ma ki yi. Maganar katin ta tsaya tsakanina da ke, kamar yadda maganar zakaran za ta tsaya.

Ki yafe mini abin da na yi miki, na yafe miki. Ki sa ni a addu'a, ita kaɗai ta ishe ni. Wassalam.

Mijinki,
Misbahu