Tulun Farko na Balki

Zuwa ga Yaya Hajo,

Ina gaishe ki da kyau, ke da Malam da yara. Yaya ciwon ƙafar? Mu nan Bahindi sai godiya. Da hannuna na rubuta wannan, don ba na son kowa ya ji.

Ɗiyata Balki tana koyon ginin tukwane wurin Dije, matar nan da ta zo daga Benin. Tun safe tana can tana kwaɓa yumɓu. Har Inna take ce wa Dije!

Jiya aka gasa tulunta na farko. Na share masa wuri kusa da randa, na ce ta kawo mini. Sai ta ce, "Haba Inna, na farko ai na mai koyarwa ne. Na biyu naki, zai fi kyau ma."

Na ce Allah ya yi albarka. Da na wuce ƙofar Dije na hango tulun, bakinsa a karkace, sai hawaye. Yaya, ni karkataccen nake so.

Ki yi mini addu'a kar in ƙullaci matar nan, ba ta yi mini komai ba. Ki gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Ramatu