Tun da Na Ba Tsintsiya Baki

Anti, don Allah ki taimake ni. Ko Ummanmu ban gaya wa wannan ba.

Ni ba mai magana ba ce, in aka kira sunana a aji sai muryata ta maƙale. Amma a firamare malamarmu tana da wani buhu na tarkace: cokali, warin takalmi, murfin buta. Kowa ya zura hannu ido rufe, abin da ya ciro shi zai ba wa baki ya rubuta labarinsa. Ita take karantawa, kuma ba ta faɗin mai shi. Ranar da ta karanta nawa, na takalmin da ke cigiyar ɗan'uwansa, har 'yan bencin baya sun yi tsit.

Bana na shiga sakandare. Malamin Hausa ya ce mu yi rubutu a kan ajinmu, sai na sa tsintsiyar bayan ƙofa ta ba da labari, tunda ita ta san ƙarƙashin kowane benci. Ya bi takardar da jan biro, wai nan ba firamare ba ce, kuma ya tsayar da ni in karanta. Ban yi nisa ba hawaye ya zo. Yanzu Tsintsiya ake kirana. Waɗanda muka zura hannu a buhu ɗaya ma su suka fi dariya, abin da ya fi ci mini rai ke nan.

Ni dai na yanke shawara. Daga yau ajinmu yana da ƙofa da tagogi da allo, iyakar abin da zan riƙa rubutawa ke nan. To me ya sa har yanzu zuciyata ba ta yi sanyi ba?

Taki, Mai Shiru

*

'Yata Mai Shiru,

Ba ta yi sanyi ba ne don kin hukunta wanda bai yi laifi ba, wato alƙalaminki.

Malaminki yana da tasa gaskiyar. Jarrabawa tana da tsarin da take so, kuma aikinsa ne ya koya miki. Inda ya kuskure shi ne da ya mai da ke abin kallo. Ki ba shi ƙofarsa da tagoginsa, ki ci makinki.

Amma a gida ki nemi buhu, ki tara ƙannenki, ke ce malama yanzu. Ki gaya wa Umma, wataƙila ita za ta fara jefa ludayi a ciki. Sunan tsokana kuwa, in bai sami mai jin haushi ba, da kansa yake mutuwa.

Takardar nan mai jan biro, ki aiko mini. Ina so in ji abin da tsintsiya ta gani a ƙarƙashin bencin masu dariyar, kuma ni ma ba na faɗin mai shi. Allah ya yi miki albarka.