Ni ce na ɗauki muryar Dakta, yanzu da ita za a kore shi

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin don girman Allah a ɓoye sunana, ko harafin farko kar a sa. Don Allah ku ba ni shawara, amma wanda ya san zagi ya kawo ya riƙe kayansa, na riga na zagi kaina har na gaji.

Ni ma'aikaciya ce a wata ma'aikatar tarayya, shekara goma sha ɗaya ina buga takardu da difloma, yaran da na nuna wa inda ake ajiye fayil yau su nake ce wa oga. Shi ya sa na shiga digirin ƙarshen mako a wata jami'a mai zaman kanta nan bayan gari, fannin tsara birane, semista ɗaya ta rage min. A Kubwa nake, ga yara biyu ga aiki, yaushe zan zauna in buɗe littafi? Dabarar da na yi, ranar Asabar in ɗora waya a kan benci in ɗauki lakca, Litinin zuwa Juma'a in toshe kunne a cikin bas ina saurare, wanda ya san gosulon hanyar Kubwa da safe ya san lakca guda ba ta kai ka ofis. Na san akwai doka, tun ranar rajista muka sa hannu cewa ba a ɗaukar murya a aji, hukuncinsa kora. Amma kowa ya san ina yi, har roƙona suke in tura musu, ni kuma da shegen kirkina sai in zuba a gurup ɗin ajinmu.

Akwai malaminmu, bari in kira shi Dakta Yohanna duk da ba sunansa ba ne. Shi yadda yake koyarwa, sai ya ɗauki ra'ayin da bai yarda da shi ba ya kare shi har jininka ya tafasa, sannan ya ce to ku kayar da ni. Duk wanda ya taɓa zama ajinsa ya san wannan. Sati uku da suka wuce darasin a kan tayar da ƙauyukan 'yan asalin Abuja ne, sai ya shigo kamar shi ne dillalin filaye, ya ce ƙauyukan nan su ne ƙashin da ya tsaya wa birni a wuya, a kwashe su kowa ya huta. Aji ya kaure, muka yi masa caa, yana dariya. Daga nan ya shafe kusan minti arba'in yana warware maganar da kansa, har ya ce mu leƙa taga mu ga katangar makarantarmu, yadda ta datse wa ƙauyen da ke bayanmu hanyar gona da rafi, mata na zagaye mai nisa da kaya a kafaɗa. Ya ce jami'ar da ke koyar da tsara birane ita ya kamata ta fara amsa tambaya. Wallahi ban taɓa jin lakca mai daɗinta ba, da yamma na tura gurup.

Sai wani marar tsoron Allah ya yanko daƙiƙa talatin na farkon nan kaɗai, ya haɗa da hoton Dakta ya watsa. Kafin Litinin mutanen da ba su taɓa ganin ƙofar ajinsa ba suna tsine masa, wai malami ya zagi 'yan ƙasa. Makarantar da take wata uku ba ta fitar da sakamako ba, cikin kwana biyu ta dakatar da shi ta kafa kwamiti. Kun ji fa!

Abin da ya sa ko abinci ba na iya ci shi ne zuwan shugaban tsangaya ajinmu. Ya zo da takarda wai mu sa hannu cewa Dakta ya saba furta kalaman ƙabilanci. Na daure na tambaye shi ko kwamiti zai saurari lakcar gaba ɗaya, ya ce makaranta ba ta san da wani rikodin ba, amma duk mai shi ya kawo tare da katin shaidarsa, dama nemansa suke yi. Da zai fita kuma ya ce mu koyi darasi, wanda yake cin abincin gida ba ya nuna katangar gida da yatsa. Jama'a, a cikin daƙiƙa talatin ɗin nan babu maganar katanga ko ɗaya. A ina ya ji? Ashe sun saurari komai. Sun san bai zagi kowa ba, katangar ce ta yi musu zafi, suka fake da guzuma suna harbin karsana. Kuma 'yan ajinmu, manya da su, masu gemu da masu jikoki, waɗanda suka fi kowa tafa masa ranar lakcar, suka bi layi suka sa hannu, kowa ya goge lakcar daga wayarsa. Mu huɗu muka rage ba mu sa hannu ba. Wanda aka kawo a madadin Dakta takarda kawai yake karanta mana, in ya ce akwai tambaya sai ka ji tsit, kowa na kallon wayar na kusa da shi. Wannan jami'a ce ko gidan makoki?

Maigidana ya ce in goge in sa hannu, wai ban fi sauran tsoron Allah ba, kuma shekara huɗu yana raino duk Asabar ba don in dawo masa da takardar kora ba. Na ce masa da hannuna aka haƙa ramin nan, ya ce ai ba ni na yanka ba. Mun yi cacar baki sosai, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Ban ce ba shi da gaskiya ba, in aka kore ni difloma zan koma har ritaya.

Jiya na kasa haƙuri na kira Dakta na faɗa masa ni ce. Na shirya ya zage ni, sai ya ce ai ya sani tun shekarar farko. Wai yana ganin wayar, yana kuma ganin yadda nake shigowa a gajiye, shi ya sa yake matsowa kusa da bencina in zai faɗi abu mai muhimmanci, don muryar ta fita da kyau. Ya ce Hajiya kar ki kai komai, ki gama karatunki, ki bar ni da su. Na tsaya a bakin titi ina kuka kamar wadda aka yi wa rasuwa, da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Kwamiti zai zauna ranar Alhamis. In na tura cikakken rikodin a ɓoye za su ce ba su san asalinsa ba su jefar, sai mai shi ya tsaya da ƙafarsa. In na tsaya sun kore ni, kuma babu tabbacin za su mayar da shi tunda ba gaskiya suke nema ba. In na yi shiru ya tafi da sunan mai ƙabilanci, wace jami'a ce za ta sake ɗaukarsa? Masu ilimin addini, shaidar da ke hannuna in na ɓoye ta mene ne hukuncina? Lauyoyin gidan nan, akwai hanyar da ban gani ba? Ku faɗa min gaskiya kar ku lallashe ni, in ku ne ni, za ku kai ko za ku goge?

Yau da safe ma na sa lakcar a kunne a cikin bas. Ina jin takunsa yana matsowa kusa da bencina kafin ya fara maganar katangar.