Ciyawar da Aka Hana Mu Ƙonawa

Litinin, 19 ga Oktoba, 1992

An tara mu a Gwandu, mu masu gadin daji goma sha huɗu, wai horon kashe gobarar daji. Mai koyarwar sabon shugabanmu ne, Malam Lukuman, bai daɗe da dawowa daga kwas ba. Yini guda muna hagu-dama a fili kamar kurata. Shekara tara ina tsaron gandun Wurogauri, dogonyaro da bagaruwar da na dasa da hannuna, yau ake koya mini riƙon bokiti. Tir.

Alhamis, 22 ga Oktoba

An raba mana jar hular kwano da mabugin wuta, wata roba ce a bakin sanda. Aka ɗauki hoto, aka karɓe kayan, aka kulle a sito.

Asabar, 24 ga Oktoba

Sabuwar doka: ba mai ƙyasta ashana kusa da gandu. Na miƙe na yi wa Malam Lukuman bayani. Kowace shekara da an gama girbi, ni da Baffa Hamidu da mutanen rugarsa muke ƙone ciyawar da ta kewaye gandun, da sassafe, tun raɓa ba ta ɗauke ba. A lokacin wutar rarrafe take yi, reshe ɗaya ya ishe ta. In babbar gobara ta taso da rani sai ta tarar da baƙin fili, ba abin da za ta ci, ta mutu a nan. Shanu kuma su samu toho.

Ya ce, "Aikinka kashe wuta ne, ba kunna ta ba." Aka kwashe da dariya, har da Jibrin na Dodoru, wanda shi ma haka yake yi a nasa gandun. Na koma na zauna, raina a ɓace.

Laraba, 4 ga Nuwamba

Ban kai wa Baffa Hamidu labarin dokar ba. Kunya ta hana ni, na yi ta cewa gobe. Yau ya fito da mutanensa da ɗanyun rassa kamar kullum, kafin in iso sun kunna gefen gabas. Sai ga babur ɗin Lukuman, hayaƙi ya kawo shi. Ya sa aka kashe, ya ce in rubuta wa tsohon takardar sammaci.

Na rubuta.

Baffa ya juya ta, ya dube ni. "Bawa, da hannunka ka rubuta wagga?" Na ce umarni ne. Ya ninke ta ya sa cikin hula. Mutumin da ya ɗora mini jarkar ruwa a jakinsa rani uku, lokacin itatuwan nan ba su kai gwiwa ba.

Talata, 15 ga Disamba

Ciyawa ta kai ƙirjina, ta bushe ƙamas. Ko iska ta kaɗa ta sai gabana ya faɗi. Na rubuta wa ofis sau biyu, amsar dai ita ce an horar da mu.

Na gamu da Baffa a kasuwar Kalgo. Ya amsa gaisuwata yadda ake amsa ta baƙo. Matata Zulai ta ce tun kaka ba na cinye tuwona.

Laraba, 10 ga Fabrairu, 1993

An kira mu Gwandu mu yi wa manyan baƙi fareti da jar hula. Muna tsakiyar hagu-dama, da azahar, wani ya zo a keke: masu farautar gafiya sun sa wuta, ta shiga gandun Wurogauri. Motarmu ta tafi raka baƙi. A bayan motar itace muka isa, la'asar ta yi.

Bugu uku na yi robar ta narke, ta manne a sanda. Na jefar, na karyi reshe. Ina amfani? Iska daga gabas, wuta ta fi ni tsawo, tana hawa dogonyaro tana ƙara. Lukuman yana ta busa usur, ba mai jin sa.

Sai na hango wani hayaƙin a gabanmu, kan hanyar da ta raba gandun. Baffa ne da mutanensa. Sun kunna tasu wutar a bakin hanya, suna tsare ta da rassa, tana ci tana nufar babbar. Da suka haɗu, duka biyun suka kwanta. Bai ko kalli inda nake ba, ya kaɗa mutanensa suka tafi.

Alhamis, 11 ga Fabrairu

Na zaga. Kashi ɗaya cikin uku ya tsira, na yammacin hanya. Sauran baƙaƙen sanduna. Na zauna a kan kututture na yi kuka, ba wanda ya gani.

Talata, 16 ga Fabrairu

An karanta mana rahoto: ƙwararrun ma'aikata sun shawo kan gobara saboda horon da suka samu. Ba sunan Baffa, ba maganar roba. Lukuman da hannu a naɗe, don gaskiya ya ƙone, bai gudu ba. Ya miƙo biro.

Na sa hannu. Wannan hannun dai. Ƙyamar kaina nake ji fiye da tasa.

Asabar, 6 ga Nuwamba

Dokar tana nan, an ma sake liƙa ta a ƙofar ofis. Ciyawa ta soma ja a gefen abin da ya rage.

Bayan asuba na tsinci kaina a hanyar ruga. Gaisuwa kawai, ba wani abu ba. Na tarar da Baffa yana tatsa. Na durƙusa na gaishe shi, ya bar ni a durƙushe har ya gama da saniyar. Sannan ya shafa ciyawar da ke gefensa, ya dubi tafinsa.

"Raɓa na nan," ya ce. "Kwana ukku ya rage mata. Mi ka zo da shi, takarda?"

Na ce a'a, Baffa.

"Ashana hwa?"

Na ce ban zo don wannan ba. Ya miƙo hannu dai.

Kwalin yana aljihuna tun daga gida.